Kalmomin Wasan Tuƙin Jirgi na Gasa da Matsalar Sunan "Tseren Kwalekwale"

Gabatarwa

A gasar Olamfik ta Tokiyo, wadda annobar korona ta sa aka ɗage zuwa 2021, 'yan mata biyu sun wakilci Najeriya a wasannin jirgi. Esther Toko ta zauna a cikin wani siririn jirgi ita kaɗai, ta juya wa inda za ta baya, hannuwanta riƙe da filafili biyu da aka maƙale a jikin jirgin, ta tuƙa mita 2000. Ayomide Bello kuwa a durƙushe take bisa gwiwa ɗaya, tana kallon inda ta dosa, filafili ɗaya ne a hannunta wanda bai haɗu da jikin jirgin ta ko'ina ba, kuma mita 200 ne tserenta. Mai ba da labarin wasanni da Hausa suna ɗaya yake da shi ga abin da su biyun suka yi, wato tseren kwalekwale. Alhali wasanni biyu ne da ba su haɗa hukumar duniya ba, ba su haɗa doka ba, ba su ma haɗa gaɓoɓin jikin da ke ɗaukar wahala ba. Hukumar wasan Toko, wadda aka sani da FISA, an kafa ta a birnin Turin na Italiya a 1892, kuma tana cikin mafiya daɗewa a hukumomin duniya na wasannin Olamfik. Ta wasan Bello sai a 1924 aka kafa ta a Kopanhegan.

Wannan maƙala ta duƙufa ne kan kalmomin wasan farko, wanda zan kira tuƙin maƙale, don bambanta shi da tuƙin sake irin na kwalekwalen da muka sani. Abin da nake son tabbatarwa guda ne. Kalmomin da ake amfani da su a wannan wasa sun tsiro daga abubuwa uku na ginin jirgin da zaman mai tuƙa shi: filafili yana juyawa ne a kan maƙali, mai tuƙi ya ba gaban jirgi baya, kujerarsa kuma zamewa take yi. Duk wanda ya riƙe waɗannan uku zai iya gano dalilin kusan kowace kalma, kuma zai iya samar mata takwara a Hausa wadda mai sauraro zai gane ba tare da ƙamus ba. Wanda ya tsallake su ya ɗauki kalmomin ɗaya bayan ɗaya yana fassarawa ko yana aro, zai tara sunaye masu yawa amma ya bar mai sauraro da hoton wani wasa dabam a zuciya. Dokar hukumar da kanta tana goyon bayan wannan kallo, domin a ma'anar da ta ba wasan ta ambaci abu biyu daga cikin ukun kai tsaye: filafili ya yi aiki a matsayin liba, masu tuƙi kuma su zauna sun juya wa alƙiblar tafiya baya.

Inda kalmomin suka fito

Sana'ar fito ce uwar wasan. Har tsakiyar ƙarni na 18 gada ɗaya tak ce a tsakiyar birnin Landan, saboda haka 'yan fito ne ke ƙetarar da jama'a a kogin Temis, kuma fasinjoji kan yi caca kan wanda zai riga wani isa gaɓa. A 1715 wani ɗan wasan kwaikwayo mai suna Thomas Doggett ya sa kyautar riga da lambar azurfa ga sababbin 'yan fiton da suka gama koyon sana'a, kuma har yau ana yin wannan tsere. Daga baya 'ya'yan masu hali suka karɓe wasan. Jami'o'in Oksfod da Kambirij sun fara karawa a 1829, gasar Henli ta soma a 1839, Habad da Yel a Amurka suka biyo baya a 1852. An tsara sa shi a Olamfik na farko a 1896 amma rashin kyawun yanayi ya hana, sai a Faris a 1900, mata kuma ba su samu shiga ba sai a Montiriyal a 1976. Wannan tarihi ya bar kalmomin hawa-hawa. Akwai na ma'aikatan jiragen ruwa da 'yan fito, akwai na masassaƙan da suka sauya siffar jirgin a ƙarni na 19, akwai kuma na Faransanci da suka shigo ta hannun hukumar duniya. Hawa na biyu ne ya fi muhimmanci ga batunmu, domin a nan ne wasan ya rabu da kowane irin tuƙi da aka sani a da.

Mu fara da maƙali. A shekarun 1840 masassaƙan jiragen kogin Tayin a arewacin Ingila, musamman Harry Clasper, suka inganta wata dabara: maimakon a kafa maƙalin filafili a bakin jirgi, sai a miƙo wani hannun ƙarfe daga gefe a ɗora maƙalin a ƙarshensa, can a kan ruwa. Da wannan aka samu damar tsuke jirgin har ya zama faɗinsa bai wuce ƙugun mutum ba sai da kaɗan, tare da barin filafili da tsawonsa. Jirgin mutum ɗaya a yau ya kai kimanin mita 8 a tsawo, kuma doka ta ce kada nauyinsa ya gaza kilo 14. Na mutum takwas ya doshi mita 18, mafi ƙarancin nauyinsa kilo 96. Daga maƙali ne babban rabon wasan ya fito. Idan kowane mutum yana riƙe da dogon filafili ɗaya da hannu biyu, mai tsawon kusan mita 3.7, yana tuƙi a gefe guda, wannan wani nau'i ne, Ingilishi yana kiransa da kalmar da ke nufin shara. Idan kowa yana da gajeru biyu, kusan mita 2.9 kowanne, ɗaya a dama ɗaya a hagu, wannan wani nau'i ne, shi ne sikal. Ina ganin tuƙin gefe da tuƙin tagwai sun wadatar a Hausa. Alamomin da ke jikin allon sakamako ma wannan rabo suke nunawa. Lambar tana faɗin yawan masu tuƙi, harafin x yana nufin tagwai, alamar tarawa tana nufin akwai mai akala, alamar ɗebewa kuma babu shi. Saboda haka 1x shi ne jirgin Toko, 4- mutum huɗu ne a tuƙin gefe ba mai akala, 8+ kuwa shi ne babban jirgin da ake rufe gasa da shi. Babu 1-, kuma ba sai an haddace haka ba: mutum ɗaya da filafili a gefe guda zagaye kawai zai yi ta yi.

Juya baya shi ya haifi kalmomin mutane. Tunda masu tuƙi ba sa ganin gabansu, dole a samu mai gani, shi ne kos a bakin Turawa. Yakan zauna a ƙarshen jirgi yana fuskantar gaba, ko ya kwanta rigingine a cikin goshin jirgin mutum huɗu, igiyar juya jirgi a hannunsa, na'urar magana a bakinsa. Kiransa matuƙi zai ɓatar da mai sauraro, domin a Hausa matuƙi ya haɗa mai riƙe da sitiyari da mai riƙe da filafili, shi kuwa wannan ko sau ɗaya ba ya taɓa ruwa. Mai akala ya fi dacewa da shi. Da yake shi kaya ne a wuyan sauran, kowace ƙungiya za ta so ya zama marar nauyi. A Faris a 1900 'yan Holan biyu sun sauke mai akalarsu bayan zagayen farko suka ɗauki wani ƙaramin yaro daga cikin mutanen gari, suka ci zinare da shi, kuma har yau ba a tabbatar da sunansa ba. Yanzu doka ta yanke kilo 55 ga namiji ko mace, wanda bai kai ba a ɗora masa ƙarin nauyi a kusa da shi. A jirgin da babu mai akala, waya ce ake ɗaurawa a takalmin ɗaya daga cikin masu tuƙi, ya riƙa karkata ƙafa yana waiwaye.

Kujeru kuma daga goshi ake ƙirga su, na ɗaya shi ne wanda zai fara ƙetare layi. Amma mutum mafi muhimmanci shi ne na ƙarshe a lissafi, na takwas, domin da yake kowa ya juya baya, shi kaɗai ne duka sauran suke iya bin motsinsa. Ingilishi yana kiransa da sunan bugun filafili kansa, Faransanci yana ce masa shugaban tuƙi, mu kuma za mu iya cewa jagoran bugu. Aikinsa ya yi kama da na wadda ke ɗora lugude a bakin turmi, wadda sauran tabare ke bin saurinta, sai dai a lugude karɓa-karɓa ake yi, a jirgi kuwa tafin filafili takwas ne za su shiga ruwa a lokaci guda su fita a lokaci guda. Mutum huɗun da ke tsakiya, daga na uku zuwa na shida, su ne ƙarfafa, shi ya sa ake musu laƙabi da ɗakin inji.

Batun dama da hagu ya fi kowanne nuna haɗarin fassara kai tsaye, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Amurkawa sun riƙe kalmomin ma'aikatan jirgin ruwa, waɗanda ke auna gefe daga mai kallon goshi. Ga mai tuƙin da ya juya baya, hagun jirgi yana damansa, daman jirgi yana hagunsa. Mutanen Birtaniya sun guje wa wannan ruɗani suka ce gefen jagoran bugu da gefen mai goshi, tunda a al'ada suna tuƙi ne a gefe biyu mabambanta. Wannan ma bai ɗore ba. Ana iya juya ɗaurin maƙalan jirgi jagoran bugu ya koma ɗaya gefen, sai ya zama gefen da ke ɗauke da sunansa babu shi a ciki. A 1956 kuma, a Olamfik na Melbon, ƙungiyar ma'aikatan kamfanin babur na Moto Guzzi ta ci zinare a jirgin mutum huɗu da wani sabon ɗauri da injiniya Giulio Cesare Carcano ya ba da shawara, inda mutum biyu na tsakiya suke gefe guda, domin ɗaurin ɗaya-nan-ɗaya-can yana sa jirgi ya riƙa ɗan karkaɗa kai a kowane bugu. To wanne Hausa za ta ɗauka? A ganina ko ɗaya. Akwai wata alama da kowace ƙasa ta yarda da ita, wato launin da ake liƙawa a sandar filafili: ja ga hagun jirgi, kore ga damansa. Gefen ja da gefen kore ba sa sauyawa ko mutum ya juya ta ina, kuma mai koyarwa da ke ihu daga gaɓa ga yaran da jirginsu ya doshi dutse yana bukatar kalmar da ba sai an tsaya lissafi ba.

Kujera mai zamewa ita ce ta zo daga baya, a farkon shekarun 1870 ta bazu, kuma ita ta mayar da wasan na ƙafafu. Ƙafafun mai tuƙi a ɗaure suke cikin takalman da aka kafe a matokari, kujerarsa tana bisa ƙananan tayoyi a kan layin dogo biyu. Bugu guda yana da gaɓa huɗu. Mai tuƙi zai matso ya dunƙule, gwiwa a ƙirji, hannuwa a miƙe, ya jefa tafin filafili a tsaye cikin ruwa: wannan shi ne kamu, kuma haka Ingilishi ma yake kiransa. Sai ya tokare ƙafa ya miƙe, baya ya biyo, hannuwa su zo a ƙarshe: wannan turi ne. Sai ya danne ƙota tafin ya fito daga ruwa, wato saki, ya murza shi ya kwanta don kada iska ta tokare shi. Sai komowa, inda hannuwa ke fara tafiya, jiki ya bi, kujera ta zamo a hankali, a sake tsayar da tafin kafin kamu na gaba. Na zaɓi turi da gangan, na guji ja. Mai kallo daga nesa zai rantse cewa jan ruwa ake yi da hannu, amma mafi yawan ƙarfin daga cinyoyi yake fitowa, tafin filafili kuwa kusan a kafe yake a inda ya shiga, jirgin ne ake turawa ya wuce shi. Kalmar ja za ta koya wa ɗalibi kuskuren da masu horarwa suke shafe watanni suna cirewa. Yadda hukumar ke tsaron wannan tsari ya fito fili lokacin da Peter-Michael Kolbe na Jamus ta Yamma ya ci gasar duniya a 1981 da jirgin da kujerarsa ke kafe, maƙalai da matokari su ne ke zamewa. Dabarar ta fi sauri, amma aka haramta ta a 1983, saboda tsadarta za ta tilasta wa kowa sayen sabon jirgi.

Gaɓar komowa tana da wani sirri da ke bayyana kalmomi da dama. Kalmar Ingilishi tana iya nufin farfaɗowa, kuma mai gaggawa zai fassara ta da hutu. Amma jirgi ya fi gudu ne bayan an saki ruwa, lokacin da babu filafili ko ɗaya a ciki, ya kuma fi sanyi daf da bayan kamu. Dalilin shi ne nauyi. Ƙarti takwas, kowanne ya kai kilo 90, suna zamewa zuwa ƙarshen jirgin da bai cika kilo 100 ba, saboda haka jirgin ke zurawa gaba a ƙarƙashinsu. Idan suka rugo da ƙarfi suka dira a kan matokari, sai su dafe shi ya tsaya cak na ɗan lokaci. Daga nan aka samu kalmar da ke nufin zurawar jirgi tsakanin bugu da bugu, wadda masu horarwa ke aunawa da ido ta hanyar duban tazarar da ke tsakanin guraben kumfa da filafili ya bari a baya, da kalmar da ke nufin dafewa, da gargaɗin da ake yi wa mai rugowa a kan kujera. Zura, dafewa da rugowa duka kalmomi ne da Bahaushe ke faɗa kullum, kuma sun zauna daram a nan. Haka ma babban haɗarin wasan, lokacin da tafi ya shiga ruwa a karkace ya ƙi fita, ƙota ta dawo ta doki mai tuƙi a ciki, wani lokaci ta wurga shi waje. Ingilishi ya ce ya kama ƙaguwa, Jamusanci ya kwafi wannan, Faransanci ya ƙi kwafa ya ce tafin ƙarya. Bahaushe zai ce filafili ya cije, kuma ko wanda bai taɓa ganin jirgin ba ya san abin da ya faru.

Kalmomin awo ba su da wuya. Ana ƙirga yawan bugu a minti, wanda a manyan jirage yakan haura 40 a tashi kafin ya zauna sama da 30, ana kuma auna gudu da lokacin da ake ɗauka a cinye mita 500. Abu guda ne mai ba da labari ya kamata ya kiyaye: wasan ba shi da abin da ake kira bajintar duniya a hukumance, sai dai lokaci mafi kyau, domin iska da ɗumin ruwa suna bambanta daga tafki zuwa tafki. Minti 5 da daƙiƙa 18.68 da 'yan takwas na Jamus suka yi a Foznan a 2017 lokaci mafi kyau ne. Tazara kuma da tsawon jirgi ake faɗinta, nasara kuwa tana hannun wata 'yar farar ƙwallon roba da ke bakin goshi, wadda asalinta don kare mutane daga sukan jirgi aka sa ta. A Riyo a 2016 agogo ya ba Mahé Drysdale na Niyu Zilan da Damir Martin na Kuroshiya lokaci ɗaya, minti 6 da daƙiƙa 41.34, sai hoton layi ne ya nuna ƙwallon Drysdale ta riga.

Abin da masu ja za su ce

Ja na farko, kuma mafi ƙarfi, shi ne cewa aro ya fi sauƙi. Ƙwallon ƙafa ta shigo da gola da fenariti da kwana, harshe bai mutu ba, me zai hana a ce kos da sikal a wuce wurin? Ban ƙi aro ba, kuma wasu kalmomin aro za su zauna ko an so ko ba a so ba. Amma a duba yadda aron ƙwallo ya yi aiki. Yaron da ke cewa fenariti ya buga ta a layinsu, ya ga an ci shi da ita, jikinsa ne ya cika kalmar da ma'ana. Mai sauraron rediyo a Katsina ko Maraɗi da aka ce masa kos ba shi da abin da zai zuba a cikinta. Ko a ƙwallon ma, masu sharhi ba su tsaya ga aro ba, sun ƙera bugun daga kai sai mai tsaron gida da satar fage da bugun kusurwa, jama'a kuma suka karɓa domin kowacce tana zana abin da ke faruwa a fili. Akwai kuma tambayar daga wane harshe za a ara. Hamadou Djibo Issaka, wanda ya wakilci Nijar a jirgin mutum ɗaya a Landan a 2012 bayan horon 'yan watanni kawai, ya fito daga ƙasar da kalmomin wasan suke na Faransanci, yayin da Chierika Ukogu, wadda ta fara wakiltar Najeriya a wannan wasa a Riyo a 2016, da Ingilishin Amurka ta koya. Idan kowane ɓangare ya ari na maƙwabcin harshensa, za a wayi gari da jeri biyu ko uku na kalmomin da Bakano da Badamagare ba za su fahimci juna da su ba. Kamu da turi da saki kuwa ba su san iyaka ba.

Tseren Issaka ya ƙara nuna wani tarko. Ya zo na ƙarshe a gasar, amma ya yi wasan ƙarshe, kuma duka maganganun biyu gaskiya ne. A wannan wasa ba a korar kowa gida tun daga farko. Layuka shida ne a tafki, saboda haka shida mafi gwaninta ke shiga zagayen ƙarshe na A inda ake raba lambobi, shida na biye su shiga na B, haka har a jera kowa, shi kuma a na F ya tuƙa. Mai fassarar da ya ji wasan ƙarshe ya ɗauka irin na kofin ƙwallo ne zai sanar da jama'a nasarar da ba a yi ba. Zagayen lambobi da zagayen jeri za su raba gardama. Haka zagayen da ake ba waɗanda suka faɗi a karon farko dama ta biyu, wanda sunansa na Faransanci ke nufin sake tsamowa daga ruwa: zagayen ceto ya ishe shi, ko da yake hukumar ta cire shi daga manyan gasanninta tun 2025.

Ja na biyu ya zo daga ɗaya ɓangaren. Ai Hausa ba baƙuwar ruwa ba ce. Sarkawa da Kabawa da masuntan tafkin Cadi sun shekara aru-aru a cikin jirgi, ana tseren kwalekwale a kogin Matan Fada lokacin bikin Argungu, Yawuri tana da bikin Rigata. Me ya sa ba za a je wurinsu a kwaso kalmomi ba? Ya kamata a je, kuma ina ganin wannan shi ne aikin da ya fi gaggawa ga masu nazarin harshe. Duk abin da ya shafi ruwa kansa, igiyarsa da kwararsa da iskar da ke kaɗa shi da zurfinsa, da sassan jirgi kamar goshi da ciki da gindi, masunta sun fi kowane malamin jami'a sanin sunansa, kuma ƙirƙirar sabuwar kalma a inda tasu take ɓarna ce da raini. Inda nake jan kunne shi ne kalmomin aiki. Mai kwalekwale yana fuskantar gaba, ƙarfinsa a kafaɗa da baya yake, filafilinsa ne sitiyarinsa, a wuri marar zurfi kuma gora yake tokarawa a ƙasa. Kalmar da ta girma cikin wannan motsi tana ɗauke da shi duk inda aka kai ta. Idan aka ɗora ta a kan tuƙin maƙale ba tare da tantancewa ba, an dawo da matsalar da aka fara da ita, wato hoton Bello a jikin labarin Toko.

Za a kuma iya cewa ba kowace kalma ce ke fitowa daga abubuwa ukun nan ba, kuma wannan gaskiya ne. Turawa har yanzu suna cewa an ci tsere da tazarar tamfol, saboda a da da ƙyallen tamfol ake rufe saman goshi, alhali yau jiragen da zaren kabon ake yin su. Wani nau'in tafin filafili yana ɗauke da sunan garin Makon na Faransa, inda ya yi fice a gasar Turai ta 1959, wanda ya maye gurbinsa a farkon shekarun 1990 kuma ana kiransa da sunan wuƙar mahauta saboda siffarsa. Waɗannan tarkacen tarihi ne na masu harshen, kuma su ne suka fi sauƙin sha'ani, domin ba wani aiki suke bayyanawa ba. Babu abin da ya wajabta wa Hausa gadon tamfol da ba ta taɓa shimfiɗawa ba. Tazarar goshi ta biya bukata, tafi mai bakin gatari ma haka.

Ja na ƙarshe shi ne na amfani. Wasa ne mai tsada, na jami'o'in Turai da Amurka, jirgi ɗaya ya fi ƙarfin yawancin ƙungiyoyinmu, kuma tafki mai mita 2000 a miƙe da layuka shida ba kowace ƙasa ke da shi ba. Me ya kai mu ɓata tawada? Tsadar gaskiya ce, amma ƙofofin shiga wasan suna sauyawa. Injin tuƙi, wanda kamfanin Concept2 ya fara fitarwa a 1981, yana nan a ɗakunan motsa jiki na manyan birane, hukumar duniya tana ɗaukar tuƙi a kansa a matsayin wani reshe na wasan mai gasar kansa, kuma ƙasashe da dama da shi suke tantance matasa kafin su taɓa shiga ruwa. Gaɓoɓin bugu huɗu da awon mita 500 duka suna aiki a kan injin kamar yadda suke a tafki, wanda kuma ya hau shi yana ja da baya maimakon turi da ƙafa, ƙugunsa ne zai biya. A Olamfik ma an rufe babin ajin marasa nauyi, wanda aka shigar a 1996, bayan gasar Faris ta 2024, aka sa tseren gaɓar teku a madadinsa daga Los Anjalis a 2028. A wannan sabon nau'i ɗan wasa yana rugawa da ƙafa a kan rairayi, ya faɗa cikin jirgi mai faɗi da ke jure igiyar ruwa, ya ratsa tsakanin alamomi zuwa mita 250, ya kewayo, ya diro ya sake rugawa zuwa layi. Ba ya bukatar ginannen tafki, an riga an yi shi a wasannin gaɓar teku na Afirka, an kuma sa shi cikin jadawalin Olamfik na matasa na Dakar. Kalmomin shiga jirgi da kewaya alama da hawan igiyar ruwa sababbi ne ko a Ingilishi da Faransanci, kuma a wannan fanni masuntan Yawuri da Argungu, waɗanda ke tura jirgi daga gaɓa su faɗa ciki yana tafiya, su ne ya kamata a fara tambaya kafin masu sharhi su hau kujera a 2028.